Likita ya ce ƙwarin ƙura ne ke sa ni ƙaiƙayi, ni kuma kullum cikin shara nake

Saƙon da ya zo:

"Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki taimaka min da shawara. Na kusa shekara ina fama da ƙaiƙayi a wuya, lanƙwasar hannu, bayan gwiwa har da fatar ido, da dare ya fi tashi, in na farka da safe kuma sai atishawa da toshewar hanci. Wuraren sun yi baƙi sun yi kauri saboda susa. Da farko na ɗauka kuɗin cizo ne na yi ta feshi a ɗaki ban ga ko ɗaya ba. Wata ƙawata ta ba ni wani kirim, in na shafa ya lafa, in na daina ya dawo fiye da da. Daga baya na je asibiti aka yi min gwaji a hannu, likita ya ce jikina ne ba ya shiri da wasu ƙwari na cikin ƙura. Anti ni wallahi kullum cikin shara da kakkaɓa nake amma maigida ya fara min ba'a wai ƙazanta ce ta jawo, abin yana min ciwo. In zubar da katifar ne in sayi sabuwa? Wane maganin feshi ne ke kashe su? Kuma yarona ɗan shekara 3 kusa da ni yake kwana, zai iya ɗauka?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Wanda bai taɓa kwana yana susa ba ba zai gane abin da kike ciki ba, shi ya sa ma maigidan naki yake ganin abin wasa ne.

Bari in fara da maganar ƙazantar tunda na ga ita ta fi ci miki rai. Ƙwarin nan suna cikin yawancin gidajen duniya, gidan mai tsafta da na mara tsafta, otal mai tsada ma suna nan. Maigidanki a kan katifa ɗaya kuke kwana, ƙwari ɗaya kuke kwana da su, bambancin kawai shi garkuwar jikinsa ba ta kula su, taki kuma ta ɗauke su abokan gaba. Ki karanta masa wannan wurin in kin ga dama, ko kuma ki ja shi ku koma wajen likitan tare ya ji da kunnensa, sau da yawa maza sun fi yarda in daga bakin likita maganar ta fito.

Su ƙwarin, girmansu bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na milimita ba, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, shi ya sa kika yi ta dube-dube ba ki ga komai ba. Ƙafafunsu takwas, dangin kaska ne da gizo-gizo. Ba sa cizo, ba sa shan jini, ba sa shiga cikin fata. Abincinsu ɓurɓushin mataccen fatar da ke zuba daga jikin kowane ɗan Adam ne, to kin ga ina ya fi gado wannan abincin? Ga ɗumi, ga gumi, ga duhu. Tun wajen 1964 wasu masu bincike a ƙasar Holan, Voorhorst da Spieksma, suka gano cewa su ne ainihin abin da ke tayar wa mutane da ciwo a ƙurar gida, kafin nan ƙurar kawai ake zargi ba a san me ke cikinta ba.

Abin da ke damunki ma ba ƙwaron ba ne kai tsaye, kashinsa ne da gawarsa. Kowane ɗaya yana yin ɗigon kashi wajen 20 a rana, a cikin kashin akwai wani sinadari da ake kira Der p 1 wanda aikinsa narkar da abincin da ƙwaron ya ci, to in ya taɓa fata mai rauni yakan sassauta haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin fatar ya kutsa ciki. Jikinki kuma ya riga ya tanadi wasu 'yan tsaro da ake kira IgE musamman saboda shi, suna haɗuwa sai a saki histamin da sauran sinadarai masu kawo kumburi da ƙaiƙayi. A hanci atishawa da toshewa, a ƙirji asma ga wanda ke da ita, a fata kuma abin da kike gani. Ki riƙe wannan da kyau don shi ne amsar tambayarki ta feshi: ko kin kashe su duka yau, kashin da gawarwakin suna nan cikin katifa suna ci gaba da aikinsu. Ballantana maganin sauro da na kyankyaso ba ya kaiwa can cikin soso inda suke, abin da kawai yake yi shi ne ya ƙara fusata miki hanci da fata. Ki ajiye feshin nan dan Allah.

Yanzu abin da na fi so ki ji, wanda na san ba shi kika zata ba. Ni a ganina kin juyar da yaƙin, kin sa ƙarfinki gaba ɗaya a kan ɗaki kin bar fatar. Wuraren da kika lissafa, wuya, lanƙwasar hannu, bayan gwiwa, fatar ido, su ne wuraren da ciwon fatar nan da likitoci ke kira egzima ya fi zama a jikin manya. A jikin mai hasken fata ja yake yi, a namu kuwa sai ki ga ya yi baƙi-baƙi ko toka-toka ya yi kaushi, shi ya sa wani lokacin ake ɗaukarsa wani ciwon daban. Fata mai egzima kamar randa ce da ta tsage, ruwan ciki yana tsiyayewa, dattin waje yana samun hanyar shiga. In kin toshe tsagar, ko da ƙwarin na nan abin da zai shige ki kaɗan ne. In kuma ba ki toshe ba, ko kin rage su, sabulu da gumi da zafi da turare za su ci gaba da tayar miki da shi. Gwajin da aka yi miki ya nuna jikinki yana faɗa da ƙwarin ƙura, gaskiya ne, kuma atishawar safen nan ta ƙara nuna hakan, amma bai ce su kaɗai ne masu laifi ba. Akwai ma wani bita da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta yi a 2015, ta tattara binciken da aka yi kan rage ƙwarin ƙura don maganin egzima, ta ce hujjar ba ta da ƙarfin da za a ce wannan kaɗai yana warkarwa. Ba wai kar ki rage su ba, za mu zo nan, amma kar ki ɗora duk fatanki a kai.

To gyaran fatar. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba mai zafi ba, na san ruwan zafi yana da daɗi a kan ƙaiƙayi, har lumshe ido mutum yake yi, amma yana wanke maiƙon fata bayan awa ɗaya ƙaiƙayin ya dawo ninki. Minti 5 zuwa 10 ya isa. Soso mai kaushi ki rabu da shi a wuraren ciwon, sabulu mai ƙamshi da mai maganin kashe ƙwayoyin cuta su ma haka, ki nemi mara ƙamshi ki sa kaɗan. In kin fito kar ki dirje da tawul, ki ɗan daddanna, jikin na da sauran laima ki shafa mai, cikin minti uku ake so. Man ya zama mai kauri mara turare, basilin zalla ma ya wadatar, kuma ba sau ɗaya ba, aƙalla sau biyu a rana, har ranar da babu ƙaiƙayi, musamman ma ranar. Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, da sun ga sauƙi sai a jefar da kwalba. Ki yanke farce. In ƙaiƙayin ya taso da dare ki ɗora tsumma mai sanyi ko ki danna wurin da tafin hannu a maimakon susa, domin susar ce ta kawo kaurin da baƙin da kike gani, fata in ana yawan sosa ta kauri take yi don ta kare kanta. Baƙin zai washe in an daina susa, amma a hankali, watanni yake ɗauka, kuma kar ki kuskura ki sa man bilicin don ki gaggauta shi.

Sai kirim ɗin ƙawarki. Wannan ya fi damuna a duk saƙonki. Yadda kika kwatanta shi, a shafa ya lafa nan take a daina ya dawo da ƙarfi, ya yi kama da masu sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, mai ƙarfi a ciki, irin su kulobetasol ko betametason, galibi a gauraye da maganin fangas da na bakteriya a tub ɗaya. Ki duba jikin kwalin ki gani. Shi sitiroyid ba mugun abu ba ne, shi ne ma babban maganin egzima in ta tashi, matsalar ita ce ƙarfinsa hawa-hawa ne kuma kowane wuri a jiki da irin nasa. Mai ƙarfi in aka daɗe ana shafa shi fata tana yin siriri, nanƙarwa ta fito, wurin ya ɗashe, kuraje su feso, a fatar ido kuwa abin ya fi haɗari don yana iya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Kar ki ƙara sa shi kusa da ido daga yau. Sauran wuraren kuma in kin daɗe kina shafawa kullum, ki ɗauki tub ɗin ki kai wa likitan ya gani ya tsara miki yadda za ki sauka daga kansa, don yankewa farat ɗaya na iya sa ciwon ya yi bore. Kar ki ji kunyar faɗa masa, sun saba gani.

Abin da likita ya saba bayarwa shi ne mai sauƙi kamar haidirokotizon kashi 1 cikin 100 na fuska da wuya na 'yan kwanaki, mai ɗan ƙarfi na hannu da ƙafa, akwai kuma takurolimus wanda ba sitiroyid ba ne, ana yawan ba da shi don fatar ido da fuska, yana ɗan yin raɗaɗi a kwanakin farko sai ya daina. Ma'aunin shafawa ma akwai shi: in kin matso daga kan ɗan yatsanki manuni zuwa gaɓar farko, wannan wajen rabin giram ne, kuma ya ishi wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Wasu tsoro ke sa su shafa ɗan mitsitsi ciwon ya ƙi mutuwa a yi ta jan abu wata da watanni, gara a shafa yadda aka ce na kwanakin da aka ce a gama.

Ƙwayoyin sha irin setirizin da loratadin suna taimakawa sosai a atishawa da borin jini, amma a ƙaiƙayin egzima aikinsu bai taka kara ya karya ba, kar ki yi mamaki in hanci ya buɗe fata ba ta daina ba. Piriton yana sa barci, shi ya sa wasu ke sha da dare, amma ba abin mayarwa na kullum ba ne. Wanda nake roƙonki ki guje wa shi ne sitiroyid na sha ko allura, irin su firedinisolon ko dekza, ba tare da likita ba. Ranar farko za ki ce kin samu waraka, daga baya ga kumburin fuska, ga hawan jini, ga suga.

To mu dawo ɗaki. Katifa kar ki zubar, asarar kuɗi ce, sabuwar ma cikin 'yan watanni za su cika ta tunda abincinsu daga jikinku yake fitowa. Sai dai in dama ta tsufa ta rube tana neman canji. Abin da ya fi shi ne rigar katifa mai zif wadda aka saƙa ta matse sosai yadda ƙwaron da kashinsa ba sa iya ratsawa, ta rufe katifar duka sama da ƙasa, filo ma a sa masa irinta. Filon ma ya fi muhimmanci a wurinki tunda wuya da ido ne ke kwana a kai. In ba a samu ba, katifa mai rufin leda irin ta asibiti tana yin aikin, sai dai tana sa gumi, shi kuma gumi yana tayar da ƙaiƙayi, don haka sai an shimfiɗa zanin auduga mai kauri a kai.

Zanin gado, rigar filo da abin rufa a wanke su duk sati. Ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe ƙwarin, in babu injin wanki sai ki jiƙa su a ruwan zafi sosai kafin a wanke. Ko da ruwan sanyi aka wanke ba a yi aikin banza ba, yana tafiya da yawancin kashin, ƙwarin ne dai wasu ke tsira. A ɗauraye sabulun tas don shi ma saura a jikin zani yana sa ƙaiƙayi. A shanya a rana su bushe ƙayau, a goge da dutsen guga in da hali. Rana mai zafi tana kashe su, shi ya sa fitar da filo da bargo da darduma su sha rana na wasu awanni yana da amfani, amma ki tuna rana kashewa take yi ba ta kwashe kashin, sai an haɗa da wanki ko kakkaɓa, kakkaɓar kuma ba ke za ki yi ba.

E, ba ke ba. Kin ce kullum cikin shara da kakkaɓa kike, to wallahi ina zargin wannan ƙoƙarin naki yana cikin abin da ke hana ki warkewa. Kashin ƙwarin yana da ɗan nauyi, kwance yake a kan kaya ba ya yawo a iska sai an tayar da shi, in kin sa tsintsiya ko kin bugi katifa sai ya tashi ya sauka a fuskarki da wuyanki ki shaƙi sauran, yakan ɗauki wajen minti 20 zuwa rabin awa kafin ya koma ya kwanta. Ki koma goge-goge da jiƙaƙƙen tsumma da mofa. In da injin zuƙe ƙura a gidan, mai matatar HEPA, wato wadda ke riƙe ƙura mai laushi sosai, ake so, in ba haka ba ta gaba zai zuƙa ya feso ta baya. Ranar da za a yi babban aiki, juya katifa, cire labule, share ƙarƙashin gado, ga inda maigida zai nuna tsaftar tasa, shi ya yi ke ki fita daga ɗakin sai ƙura ta lafa. In dole ke za ki yi, ki sa takunkumi da riga mai dogon hannu, kina gamawa ki watsa ruwa ki shafa mai.

Kuma ba sai kin bi gidan duka ba, za ki gaji ki watsar. Ɗakin kwana shi ne wurin, nan kike yin awa bakwai ko takwas fatarki manne da zani. Kafet in akwai a ɗakin a cire shi, wannan kam ba na ja da baya a kai, tayil ko siminti da za a iya gogewa ya fi. Tarin filalla na ado, labule mai nauyi, kayan sawa a jibge a kan kujera, akwatuna a ƙarƙashin gado, duk a rage. 'Yar tsanar yaro mai gashi-gashi in tana hawa gadon a wanke ta, ko a ɗaure a leda a sa a firiza ta kwana ta wuni sannan a wanke.

Abu na ƙarshe game da su shi ne danshi. Ƙwarin nan ba sa shan ruwa, daga iska suke tsotsar laima, sun fi jin daɗi in danshin iska ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100, in ya sauka ƙasa da 50 ya daɗe a haka bushewa suke yi. Shi ya sa wasu ke lura ciwonsu ya fi tashi lokacin ruwan sama. Ki riƙa buɗe taga iska ta ratsa, kar a shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗakin kwana, in akwai bango mai tsattsafo a gyara, da safe ki yaye abin rufa ki bar gadon ya sha iska kafin ki gyara. Na'urar sanyaya ɗaki tana rage danshi in akwai ta. Amma ga inda abin yake da ban haushi, busasshiyar iskar da ke kashe su ita ce kuma ke busar miki da fata, to kin ga mun sake dawowa kan man shafawa. Na'urar tace iska kuma kar ki wahalar da aljihunki saboda wannan matsalar, abin da ke kwance a katifa ba ta kai gare shi.

Ki ba wa duk wannan wata biyu zuwa uku kafin ki yanke hukunci. In kin yi iya yinki abin ya ƙi, ki nemi likitan fata ko na alaji ki tambaye shi maganar rigakafin sabawa, wato a riƙa ba wa jiki ɗan kaɗan daga sinadarin ƙwarin har ya saba ya daina faɗa, ko ta allura ko ta ƙwaya da ake sawa ƙarƙashin harshe kullum, Amurka ta amince da ƙwayar a 2017. Wajen shekara 3 ake yi ana sha, kuma an fi tabbatar da amfaninta a hanci da asma fiye da fata, amma tunda kina da na hancin ya kamata a duba. Kafin nan, in kika ga wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko ɓawo mai ruwan ɗorawa, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa sun feso da zafi da zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ta shiga, asibiti a ranar. Haka in numfashi ya fara yi miki wuya, ƙirji yana fito, ko leɓe da ido suka kumbura.

Yaronki kuma ki kwantar da hankali, wannan ba ciwon da ake ɗauka ba ne, ki rungume shi yadda kika saba. Abin da ake gada shi ne yanayin jikin, ɗan mai egzima ko asma ya fi sauran yara yiwuwar samun ɗaya daga cikinsu, don haka ki sa ido kan bushewar fata, susa a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, ko tarin dare da ba ya jin magani. Amma in kika wayi gari shi ma yana susa, maigida ma yana susa, musamman tsakanin yatsu, wuyan hannu, cibiya da gaba, to wannan ba ƙwarin ƙura ba ne, a duba ƙazuwa. Ita ce ke bin gida, wani ƙwaron ne daban mai shiga cikin fata, maganinta ma daban, kuma kowa a gidan ake yi wa rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba.